Suksametoniyom, rokuroniyom ko atirakuriyom: wanne zai zauna a tiren tiyata?

Ke nas ce, an ɗora miki nauyin kabad ɗin magunguna na ɗakin tiyata, ko na ɗakin kulawa ta musamman, kuma lokaci ya yi da za a zaɓi maganin shanye tsoka da za a ajiye. Kuɗin da aka ware ba za su sayi komai da komai ba, likitocin sa barci kuma kowa da gwaninsa. Wannan ya ce shi dai a ba shi suksametoniyom, da shi ya koyi aiki. Wancan ya ce an daina yayinsa, a kawo rokuroniyom. Mai kula da masu ciwon ƙoda ta ce in ba atirakuriyom ba, kada ma a kira ta. Likita ne ke rubuta magani, wannan ba gardama. Amma ke ce mai yin oda, ke ce mai ajiyewa, mai zuƙa a sirinji, mai manna suna, kuma ke za a bari da mara lafiya a ɗakin farfaɗowa bayan likitan ya shiga tiyata ta gaba. Kina da ta cewa ke nan.

Kafin a shiga kwatance, bari abu ɗaya ya zauna. Duk waɗannan magunguna aikinsu ɗaya ne: suna tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka a daidai mahaɗarsu, sai tsoka ta shanye, har da tsokar da ke jan numfashi. Ba sa sa barci. Ba sa rage zafi ko ƙwayar zarra. Wanda aka yi wa su ba tare da isasshen maganin barci ba yana jin maganar mutane, yana jin wuƙa, amma ko yatsa ba zai iya ɗagawa ba balle ya yi ihu. Tushensu dafin kibiya ne na mafarautan Kudancin Amurka, wanda ake kira kurare, kuma a Janairun 1942 ne Harold Griffith da Enid Johnson suka shigar da shi ɗakin tiyata a birnin Montreal na Kanada. Wani babban bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2014 ya nuna yadda farkawa a tsakiyar tiyata ke bin waɗannan magunguna: inda aka yi amfani da su, an samu rahoto kimanin 1 cikin 8,000, inda ba a yi ba, kimanin 1 cikin 136,000. Wanda tsokarsa ke aiki yakan motsa idan barcin ya yi sauƙi, a gani a ƙara masa. Wanda aka shanye ba shi da wannan ƙofar.

Ma'aunan da za a bi

Na farko shi ne saurin kamawa: daga tura allura zuwa lokacin da za a iya zura bututun numfashi, sakan nawa ne? Ga wanda ya yi azumin tiyata, minti uku ba komai ba ne. Ga wanda aka kawo da cikinsa cike, ko mai naƙuda, ko wanda hanjinsa ya toshe, kowane sakan dama ce ga amai ya gangara huhu.

Na biyu shi ne tsawon zamansa da ƙofar fitarsa. Hanta ce ke fitar da shi, ko ƙoda, ko shi da kansa yake wargajewa? Yana da makari? Makarin yana hannunki? A ganina wannan shi ne uban ma'aunai. Mutane sun fi yawan gardama a kan wanne ya fi saurin shiga, alhali yawancin wahalar da nas ke gani a ɗakin farfaɗowa daga ƙin fita take zuwa.

Sai ƙarko, wato yadda yake jure ajiya, ko yana son firji ko ba ya so. Sai tsada, kuma ba kuɗin kwalba kaɗai ba, har da kayan da dole su raka shi. Na ƙarshe, wane mara lafiya ne zai iya cutarwa, kuma wane aiki yake ɗora wa mai jinya.

Suksametoniyom

Shi ne dattijon cikinsu, tun farkon shekarun 1950 yake aiki. Hanyarsa ma daban take da ta sauran: yakan tsokano tsoka tukuna, ki ga fuska da ƙirji da yatsu suna ɓari, sannan komai ya lafa. Lafawar ɓarin nan ita ce alamar an shirya. Ana ba da miligiram 1 zuwa 1.5 a kowane kilo na nauyin jiki, ya kama cikin sakan 30 zuwa 60, ya saki cikin minti 5 zuwa 10, domin wani sinadari da ke yawo a jini yana farfasa shi. Yana da araha ƙwarai, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma shi ne wanda aka saba yi a tsoka idan maƙogwaron yaro ya ɗame alhali babu kanula, wato 'yar robar da ake sa wa a jijiya don ba da magani. Wannan dalilin kaɗai ya isa a ce kada ɗakin tiyata ya rabu da shi. Firji yake so, digiri 2 zuwa 8.

To amma araha ba ta ado. Jerin waɗanda ba a yi wa shi ya fi na kowane tsawo, kuma nas ce ta fi kowa damar gano su, domin ita ke zama da mara lafiya da danginsa kafin a shiga.

Yana ɗan ɗaga sinadarin fotasiyom na jini, da kimanin milimol 0.5 a kowace lita ga mai lafiya, wanda ba ya komai. Amma ga wanda ya ƙone sosai kuma an wuce kwana ɗaya zuwa biyu, ko wanda abu mai nauyi ya danne ya murƙushe masa tsoka, ko mai raunin laka, ko mai shanyewar ɓarin jiki, ko wanda ya daɗe a kwance ba ya motsi, tashin zai iya kaiwa ga tsayuwar zuciya nan take. Haka yaro namiji mai ciwon lalacewar tsoka na gado wanda ba a riga an gano ba. Saboda irin waɗannan yara ne hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi cewa a bar shi ga yara sai a gaggawa. In uwa ta ce ɗanta ya yi jinkirin tafiya, yana yawan faɗuwa, sai ya dafa gwiwa yake miƙewa, kada maganar ta tsaya a kunnenki.

Yana rage bugun zuciya, musamman ga yara da kuma idan an maimaita shi, don haka atirofin, mai ɗaga bugun zuciya, ya kasance a zuƙe. Yakan bar ciwon jiki washegari, ya fi damun matasa da waɗanda suka tashi tafiya da wuri, sai su zaci wani abu aka yi musu. Gaya musu tun farko yana rage tsoro.

Akwai kuma gado iri biyu. Na ɗaya, ƙarancin sinadarin nan mai farfasa maganin. Kimanin mutum 1 cikin 3,000 ne ke da nau'i mai tsanani, shi kuwa maimakon minti goma sai ya yi sa'o'i bai numfasa da kansa ba. Ba abin firgita ba ne in akwai na'urar numfashi ko hannayen da za su yi ta matsa jakar ambu, wadda ake tura iska cikin huhu da ita. Abin da bai kamata a manta ba shi ne a ci gaba da ba shi maganin barci har ya saki, daga baya a rubuta masa a takarda, a gaya wa danginsa su ma su kiyaye. Na biyu shi ne mugun zafin jiki na gado, wanda suksametoniyom da iskar barci irin su halotan, aisofuloran da sebofuloran ke tayarwa. Sunan yana ruɗi, domin zafin jikin a makare yake zuwa. Abin da ke fara bayyana shi ne iskar kabon da mara lafiya ke fitarwa tana ta hawa ba dalili, zuciya na gudu, muƙamuƙi ya ƙage. Makarinsa dantirolin ne, miligiram 2.5 a kowane kilo a tashin farko. Tsohuwar kwalbarsa miligiram 20 ce kawai, ana narka kowace da mililita 60 na ruwan allura, ga shi da taurin narkewa. Ki lissafa mutum mai kilo 70: miligiram 175, kwalba tara, kafin ma a ce a maimaita. Aikin mutum uku ne ko huɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗakin da ke amfani da suksametoniyom ya san inda dantirolin yake, ko a nan ko a asibiti mafi kusa, kuma wannan ma yana cikin kuɗin maganin da ake cewa mai araha.

Wata magana da ake yawan yi ita ce, ai in bututu ya ƙi shiga, suksametoniyom zai saki mara lafiya ya numfasa da kansa. Kada ki dogara da ita. Mai ƙiba, mai ciki da jariri iskar oksijin ɗinsu na iya ƙarewa kafin maganin ya saki.

Rokuroniyom

Ya shigo a 1994, an fi saninsa da sunan Esmeron, kuma shi ne ya fara yi wa suksametoniyom kishiya ta gaske wajen sauri. A miligiram 0.6 a kowane kilo yana kamawa cikin minti ɗaya da rabi zuwa biyu, ya yi minti 30 zuwa 40. In aka ninka zuwa 1.2 don gaggawa, yana kamawa cikin kimanin minti ɗaya, amma fa zai zauna sa'a guda ko fiye. Babu ɓari, babu tashin fotasiyom, ba ya tayar da mugun zafin jiki, ba ya taɓa bugun zuciya sosai. Kusan duk waɗanda aka lissafa a sama cewa ba a yi musu suksametoniyom, wannan ne mafitarsu.

Hanta ce ke fitar da mafi yawansa ta hanyar ruwan maɗaciya, ƙoda ta taya ta, don haka yakan daɗe a jikin tsoho da mai ciwon hanta. Yana zafi a jijiya. In aka tura shi kafin barci ya yi nauyi, za ki ga hannu ya fizge. Ba ya shiri da maganin barcin nan tayofentin a layi ɗaya, sukan dunƙule su toshe kanula, sai an wanke tsakaninsu da ruwan gishiri. Rokuroniyom da suksametoniyom ne aka fi alaƙantawa da mummunan borin jiki mai faɗar da hawan jini da ƙuntata huhu, don haka adirenalin ya zauna kusa. Firji yake so, ko da yake kamfanoni kan ba da izinin wasu makonni a waje. Takardar cikin kwali ce za ta faɗa miki nawa, kuma ranar da aka fitar da shi a rubuta a jikin kwalba.

Kwalbarsa ta fi ta suksametoniyom tsada, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Duk kirarin da ake yi wa rokuroniyom a gaggawa ya rataya ne a kan sugamadeks, makarin da zai iya cire shi cikin 'yan mintuna. In babu sugamadeks, an ba mutum 1.2 a kowane kilo, bututu ya ƙi shiga, iska ta ƙi shiga ta abin rufe fuska, to babu hanyar komawa baya, sai a nemi hanyar iska ta gaban wuya. Ɗakin da ya sayi rokuroniyom ya bar makarinsa, rabin kaya ya saya.

Atirakuriyom da ƙaninsa sisatirakuriyom

Atirakuriyom, wato Tracrium, ya fito ne daga aikin masana magunguna a Sukotlan, ya shiga asibitoci a farkon shekarun 1980. Baiwarsa ita ce ba ya jiran hanta ko ƙoda. Ɗumin jiki da yanayin jini kawai sun isa su wargaza shi. Shi ya sa masu kula da ciwon ƙoda ba sa son rabuwa da shi. Miligiram 0.5 a kowane kilo, ya kama cikin minti 2 zuwa 3, ya yi minti 20 zuwa 35. Bai dace da zura bututu na gaggawa ba.

Wannan baiwar ita ce kuma rauninsa a kabad. Maganin da ɗumi ke wargazawa a jiki, ɗumi na wargaza shi a kwalba. In firji ya mutu ko aka bar shi a tire kwana da kwanaki, ƙarfinsa na raguwa ba tare da ya sauya launi ba, sai a yi ta mamakin me ya sa mara lafiya ke motsi. Galibi kwana 14 ake ba shi a wajen firji, shi ma a ɗaki mai sanyi-sanyi. A ɗaya ɓangaren, in jikin mara lafiya ya yi sanyi a doguwar tiyata, maganin zai daɗe fiye da lissafi, don haka bargo da ɗumama ruwan ƙari suna cikin kula da shi. Yana sa jiki ya saki sinadarin histamin, ki ga wuya da ƙirji sun yi ja, hawan jini ya ɗan sauka, mai asma ya fara shaƙa. Turawa a hankali na rage wannan.

Sisatirakuriyom, Nimbex, an tace shi ne daga atirakuriyom a tsakiyar shekarun 1990. Kusan ba ya sakin histamin, ya fi ƙarfi, miligiram 0.15 a kowane kilo ya isa, ya fi jinkirin kamawa, ya fi daɗewa, ya fi tsada. Shi aka fi ratayawa a famfon allura a ɗakin kulawa ta musamman. Wani gwaji a Faransa a 2010 ya nuna alamar cewa ba da shi na sa'a 48 yana amfanar masu mummunan kumburin huhu, amma wani mafi girma a Amurka a 2019 bai ga bambanci a yawan mace-mace ba, shi ya sa yanzu ba kowa ake yi wa ba, sai wanda ya kasa daidaita da na'urar numfashi duk da barci mai nauyi. Ki lura yana zuwa da ƙarfi iri-iri a kowace mililita. A karanta kwalba, kada a bi sabo.

Vekuroniyom da fankuroniyom

Vekuroniyom gari ne a kwalba, a narka shi lokacin bukata, kuma ba ya son firji. Ga duk wurin da sanyin ajiya ba shi da tabbas, wannan ba ƙaramar daraja ba ce, kuma ina ganin ana raina shi fiye da kima. Miligiram 0.1 a kowane kilo, minti 2 zuwa 3 ya kama, minti 25 zuwa 40 ya yi. Ba ruwansa da zuciya. Niyostigmin, ɗaya makarin, na karya shi, sugamadeks ma haka. Aibinsa shi ne in aka daɗe ana ba mai ciwon ƙoda, abin da yake rikiɗewa ya zama yana taruwa, shanyewar ta ƙi ƙarewa. Narkawar kuma mataki ne na ƙari da hannu zai iya kuskurewa.

Fankuroniyom ba sai an daɗe a kansa ba. Mai araha ne, mai jinkirin kamawa, yana wuce sa'a guda, yana sa zuciya gudu, ƙoda ce ƙofarsa. Shi ya fi barin saura a jiki bayan tiyata. In ba mara lafiya zai ci gaba da zama a kan na'urar numfashi ba, ba ni ganin dalilin zaɓensa.

| Magani | Kamawa | Tsawon aiki | Ƙofar fita | Ajiya | Tsada | Makari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Suksametoniyom | sakan 30–60 | minti 5–10 | sinadarin cikin jini | firji | araha | babu, sai jira |
| Rokuroniyom | minti 1–2 | minti 30–40, fiye da sa'a in an ninka | hanta, sai ƙoda | firji | matsakaici | sugamadeks, niyostigmin |
| Atirakuriyom | minti 2–3 | minti 20–35 | wargajewa da kansa | firji, ba sakaci | araha zuwa matsakaici | niyostigmin |
| Sisatirakuriyom | minti 3 ko fiye | minti 45–60 | wargajewa da kansa | firji | tsada | niyostigmin |
| Vekuroniyom | minti 2–3 | minti 25–40 | hanta da ƙoda | ba firji | matsakaici | sugamadeks, niyostigmin |
| Fankuroniyom | minti 3–5 | minti 60–90 ko fiye | ƙoda | firji | araha | niyostigmin |

Waɗannan lambobi na babba ne mai lafiya. Tsufa, sanyin jiki, maganin kashe ƙwayoyin cuta jentamaisin da danginsa, da maganiziyom salfet da ake ba masu jijjigar ciki, duk suna tsawaita su. Mai ciwon raunin tsoka da ake kira mayasteniya kuwa ɗan kaɗan na rokuroniyom ko atirakuriyom ya isa ya kwantar da shi.

Makari: niyostigmin ko sugamadeks

Niyostigmin mai araha ne, yana aiki a kan duka in ban da suksametoniyom, wanda ƙara masa tsawo ma yake yi. Ana ba da kimanin miligiram 0.05 a kowane kilo, ba a wuce miligiram 5 gaba ɗaya, kuma dole a haɗa shi da atirofin ko gilaikofirolet, in ba haka ba bugun zuciya ya ragu, yawu ya cika baki. Shi mai taya tashi ne, ba mai tayar da wanda ya yi nisa ba. Sai tsoka ta fara dawowa da kanta yake amfani, yana ɗaukar kimanin minti goma ya kai ƙarshen ƙarfinsa, kuma ƙara shi bayan ya kai iyaka ba ya ƙara komai sai rauni.

Sugamadeks, Bridion, an amince da shi a Turai a 2008, a Amurka a ƙarshen 2015. Shi kama ƙwayar maganin yake yi ya rufe ta ruf, su fita tare ta fitsari. A kan rokuroniyom da vekuroniyom kaɗai aka amince a yi amfani da shi. Tura shi a kan atirakuriyom zubar da kuɗi ne da ɓata lokaci. Miligiram 2 a kowane kilo idan tsoka ta fara dawowa, 4 idan shanyewar na da zurfi, 16 don ceto nan take. Ki sake lissafa mai kilo 70: miligiram 1,120, wato ƙananan kwalabe shida masu 200. Kwalba ɗaya a kulle a ofishin wani ba tanadin ceto ba ne. Ba a so a ba mai ciwon ƙoda mai tsanani, yakan rage bugun zuciya, shi ma yana da nasa borin. Akwai kuma wani aiki da ya faɗa wuyan nas kai tsaye kuma ake yawan mantawa: macen da ke amfani da maganin tazarar haihuwa mai sinadarin homon, a gaya mata ta ƙara wata kariya na kwana bakwai, a rubuta mata a takardar sallama, domin wadda ta farka daga barcin tiyata ba ta riƙe magana.

Ta yaya za a san maganin ya fita? An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan bai sani ba. Mutum na iya ɗaga kai na sakan biyar, ya matse miki hannu, alhali tsokokin haɗiya da na maƙogwaro ba su dawo ba. Abin dogaro shi ne na'urar gwajin bugu huɗu: a ɗora wayoyi biyu a wuyan hannu ta gefen ƙaramin yatsa, a aika bugu huɗu cikin sakan biyu, a auna motsin babban yatsa. Sai bugu na huɗu ya kai kashi 90 cikin 100 na na farko ake cewa an fita. Da za a ba ni zaɓi tsakanin sabon magani mai tsada da wannan 'yar na'ura, na'urar zan ɗauka. A ɗakin farfaɗowa, wanda ke ganin abu biyu-biyu, muryarsa ta yi rauni, ya kasa haɗiye yawu ko tari, yana fizge-fizge ba ƙarfi, ba rigima yake yi ba. A ba shi oksijin, a buɗe masa hanyar iska, a kira likita, kada a ƙara masa maganin kwantar da hankali.

Abin da ba ya sauyawa ko wanne aka zaɓa

Kafin a tura ko ɗigo ɗaya, oksijin, jakar ambu, na'urar zuƙe majina mai aiki, bututu da abin leƙa maƙogwaro su kasance a hannu, tare da wanda ya iya amfani da su. Maganin barci ke riga shiga. Sirinji ya sha takarda mai suna da ƙarfi. A tsarin launuka da ƙasashe da yawa ke bi, ja mai haske na masu shanye tsoka ne, ja mai ratsin fari na makarinsu.

A ajiye su a akwati na daban mai murfi da gargaɗi, kada su kwana a firji ɗaya da allurar rigakafi ko insulin ba shamaki. A Disambar 2017, a wani babban asibiti a jihar Tennessee ta Amurka, wata nas ta je ɗauko maganin kwantar da hankali mai suna Versed daga kabad mai kwamfuta. Ta buga haruffa biyu na farko, kabad ya ba ta vekuroniyom, ta narka ta yi wa wata dattijuwa da ke jiran hoto, aka bar ta ita kaɗai. Matar ta rasu, nas ɗin ta gurfana a kotu a 2022. Versed ruwa ne, wancan gari. Duk lokacin da magani ya zo miki a siffar da ba ki saba ba, ki tsaya.

Bayan tiyata a wanke kowace kanula kafin mara lafiya ya bar ɗaki. Ragowar maganin da ya maƙale a ciki zai iya shiga jini sa'o'i bayan haka, lokacin da wata nas a ɗakin kwanciya ta zo ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba na'ura, ba kowa a shirye.

Wanda aka shanye na kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman kuwa, duk abin da jiki ke yi wa kansa ya dawo hannunki. Ba ya ƙyafta ido, don haka a sa masa man ido a rufe fatar. Ba ya juyi, a juya shi, a kula da diddige da ƙugu da gaɓoɓi, a yi masa rigakafin daskarewar jini a ƙafa. Ba ya tari, a zuƙe masa. Ƙararrawar na'urar numfashi ba a kashe ta ko na minti ɗaya, domin in bututu ya cire ba zai yi ko motsi ba. Hawaye, zufa, gudun zuciya da hawan jini na iya zama ihunsa, a duba ko maganin barci ko na zafi ya ƙare ko layin ya toshe. Ƙwayar idonsa na ci gaba da amsa haske, ita ce tagar da ta rage ta duba ƙwaƙwalwa. Ki yi masa sallama, ki gaya masa abin da za ki yi kafin ki taɓa shi, ki gaya wa masu zuwa dubiya su ɗauka yana ji. Kowace rana a tambayi likita ko lokacin tsayar da maganin ya yi, domin daɗewa a kansa na barin raunin tsoka mai wuyar warkewa.

Wa ya dace da wanne

Ƙaramin ɗakin tiyata mai ƙaramin kasafi, wanda yawancin aikinsa fiɗar haihuwa ne da tiyatar ciki: suksametoniyom don zura bututu, atirakuriyom don ci gaba, niyostigmin da atirofin don fita. Sharaɗin shi ne firji mai ma'aunin zafi da ake dubawa kullum, da tambayar tarihin dangi ga kowa. In firjin ba abin amincewa ba ne, vekuroniyom ya maye gurbin atirakuriyom, ɗan sanyin da ake da shi a bar wa suksametoniyom.

Sashen gaggawa da ke karɓar waɗanda ba a san tarihinsu ba, masu ƙuna, masu raunin laka, waɗanda aka turo bayan doguwar jinya: rokuroniyom, da sugamadeks da ya isa babban mutum a cikin tire ɗaya, da famfon maganin barci a shirye, domin maganin barcin farko zai ƙare cikin mintuna alhali shanyewar na da sauran sa'a.

Masu ciwon ƙoda ko hanta, da tsofaffi masu rauni: atirakuriyom. In akwai asma ko hawan jini mai rawa, sisatirakuriyom. Shi ne kuma na ratayawa a famfo a ɗakin kulawa ta musamman.

Wurin da ake tiyata a sallami mutum a ranar, ko ake yawan yi wa masu ƙiba da masu minshari mai yanke numfashi: rokuroniyom da sugamadeks sun cancanci kuɗinsu. Ɗakin tiyatar yara ya yi aikinsa na yau da kullum da rokuroniyom ko atirakuriyom, amma suksametoniyom da atirofin su kasance a zuƙe, da suna a jiki, kafin a shigo da yaron farko.